Data na nan, sabis ya cika, waya ta ƙi motsi: wa ke rabon hanyar?

Idan kana zaune a Dingaya, ko Sara, ko Kila, ko wani gari da ke tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, ba sai an ba ka labarin wannan ba. An idar da sallar isha'i, ka koma majalisa ka ciro waya. Sandunan sabis sun cika, har da 4G a rubuce a sama. Datar ma jiya-jiya ka saye ta. Amma saƙon murya na sakan 30 ya ƙi tafiya, 'yar da'irar nan sai juyawa take kamar akuya a turke. Ka kashe data ka kunna. Ka kashe wayar ɗungurungum ka sake kunnawa. Ka yi wa kamfani Allah ya isa. Can ƙarfe biyun dare ka farka, ka duba, sai ka tarar komai na gudu kamar ba wayar ɗazu ba.

Wayar dai ita ce, ƙarfen sabis ɗin ma bai matsa daga inda yake ba. Abin da ya sauya shi ne yawan waɗanda kuke bin layi tare, da kuma inda aka ajiye ka a cikin layin. E, layi ne ɗan'uwa, irin na famfo, sai dai ba ka ganin waɗanda ke gabanka. Kuma akwai ƙa'idar rabo: wa zai fara, wa zai jira, wa za a rage wa, wa za a rufe wa ƙofa gaba ɗaya. Kullum muna zuba kuɗi a harkar nan, amma 'yan kaɗan ne a cikinmu suka taɓa tambayar yadda ake rabon.

Ɗauki rijiyar burtsatse mai tanki ɗaya. Mai garuwa ya biya kuɗin jarka goma, kai ka biya na biyu. To wannan ita ce data: yawan ruwan da ka saya, gig ɗaya ko biyar. Amma saurin cikar jarkarka bai rataya a kan kuɗinka ba, yana ga kaurin bututu da yawan kawunan famfon da aka buɗe lokaci guda. Kaurin bututun nan shi ake aunawa da Mbps, mu kira shi faɗin hanya. Kamfani jarka ya sayar maka, bai yi maka alƙawarin bututu naka kai kaɗai ba. Ga kuma wani ɗan tarko a lissafin: sai Mbps 8 ake sauke MB ɗaya a sakan guda. Wato in gudun layinka 8 ne, fim mai MB 480 minti takwas zai ɗauka, in har babu wanda ya raba hanyar da kai. Kuma da wuya a rasa.

Ƙarfen sabis galibi fuska uku gare shi, kowace tana kallon ɓangarenta, kuma duk waɗanda ke ƙarƙashin fuska ɗaya bututu ɗaya suke sha. A tsarin 4G akwai wata manhaja a gindin ƙarfen da ba ta da aiki sai rabo: sau dubu a kowane sakan tana yanke wanda za a ba dama. Na kusa da ƙarfe, da yake ana jin sa sarai, yakan kwashi kaya da yawa a ɗan lokacin da aka ba shi. Kai da ke nesa, a bayan dutse ko a ƙuryar ɗaki, sai an yi ta maimaita maka, don haka ko da lokaci ɗaya aka ba ku, abin da za ka samu bai kai nasa ba. Ƙasar nan tamu kuwa ta kudancin Jigawa ba a raba ta da duwatsu. Sandunan da kake gani a fuskar waya ƙarfin muryar ƙarfen kawai suke nuna maka. Ba sa gaya maka mutum nawa ne a layi.

A karkara kamfanoni sun fi dogara da zangon da ke cin nisa, domin ƙarfe ɗaya ya ɗauki garuruwa da yawa. Ribar ita ce sabis ya iso ka. Hasarar, kun yi wa siririn bututu yawa. Shi ma ƙarfen sai an kawo masa intanet ɗin daga wani wuri. In ka ga wani abu kamar ganga manne a jikinsa, ta nan yake magana da ƙarfe na gaba, shi ma ya miƙa gaba, har a kai inda wayar fayiba take. Duk inda sarƙar ta yi rauni kai za ka ji a jikinka: dizal ɗin janareta ya ƙare, ɓarayi sun kwashe batura, masu aikin titi sun tsinke waya. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a wajen gaɓar Kwaddibuwa, sai ga bankuna da masu POS a sassan Najeriya suna ba kwastomomi haƙuri, har da waɗanda ba su taɓa ganin teku ba.

Mai gadin ƙofa

Wancan duk maganar cunkoso ce. Akwai kuma ƙofa, da mai gadinta, kuma ka san shi tun a gidan kallo. Tauraron DStv yana zubo tashoshin ne gaba ɗaya a kan kowa, da mai Premium da mai Yanga. Dikodar mai gidan kallo tana iya kama su duka, amma a kulle suke zuwa, kuma iya ƙofofin da aka biya ake ba ta makullinsu. Ranar da kuɗin wata ya ƙare, ga wasa ya kusa, ba sigina ce ta ɗauke ba. Makulli aka janye.

Sim ɗinka irin wannan makullin ne. Duk sanda ka kunna waya sai ya gabatar da kansa, rumbun kamfani ya duba: layin nan namu ne? An haɗa shi da NIN? Wane tsari ya saya, saura nawa, wane gudu aka yarda masa? Duk a cikin ƙiftawar ido. Tun Disamba 2020 gwamnati ta ce a haɗa layuka da NIN, a Afrilu 2022 aka hana miliyoyin layuka kira, wa'adin ƙarshe kuma ya cika ranar 14 ga Satumba 2024.

Kar ka ɗauki wannan da wasa in kana shirin JAMB. Matakin farko na rajista shi ne tura NIN ɗinka ta saƙon tes zuwa 55019 ko 66019, kuma layin da ka tura da shi ya zama naka a wajen hukumar. Yaro zai ari layin yayansa da ke shirin tafiya ci-rani, ko ya yi da wani sim da ya saya a kasuwa wanda aka yi wa rajista da sunan da bai sani ba. Ranar da layin ya ɓata ko aka rufe shi, ba shi da bakin cewa a dawo masa da shi, ga sakamakonsa da saƙon gurbin karatunsa suna bin layin. Wallahi gara ka ɓata wuni guda ka yi naka da sunanka.

Bayan an bar ka ka shiga ma, ba kowane kaya ake ba daraja ɗaya ba. Kiran murya yana gaba da bidiyo, domin magana in ta makara ko da rabin sakan ne ta lalace, bidiyo kuwa zai iya jira. Wannan ba wanda zai yi musu a kansa. Bankuna da manyan ma'aikatu kuma sukan sayi layi na musamman da aka ware masu, da yarjejeniya a rubuce cewa gudunsa ba zai sauka ƙasa da kaza ba. Kuɗinsa ba irin namu ba ne. Mu sauran jama'a, abin da ya samu shi ke nan.

Yanzu duba tsare-tsaren da kake saya da wannan idon. Datar dare ba kyauta ba ce, ba kuma tausayi ba. Ƙarfe yana shan dizal ko da mutane ko babu, kuma hanyar da ba a bi ba cikin dare ba a ajiye ta zuwa gobe. Gara a sayar da ita da araha, a kuma janye masu sauke manyan finafinai daga cunkoson yamma. Kai ka biya da barcinka. Wanda ake ce wa mara iyaka kuwa, karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa: galibi akwai adadin da in ka kai za a shaƙe maka gudu. Ba a yanke ba, amma famfon ya koma ɗiga. Ita kuma datar WhatsApp ko TikTok kaɗai, mai gadi ne ke duba inda kayanka suka nufa, in ba ƙofar da ka biya ba ce ya tare. Shi ya sa adireshin da aka turo a guruf yake ƙin buɗewa, ko ka wayi gari an cinye maka kuɗin kati.

Nan ne ni abin yake damuna. In kuɗin da ke aljihunka na datar sada zumunta ne kawai, to an riga an zaɓar maka intanet ɗin da za ka gani. Rawa da barkwanci da cacar bakin 'yan siyasa suna da araha. Shafin NELFUND na bashin karatu, da na neman aiki, da na jami'ar da kake so, suna bayan ƙofa mai tsada. Ba mu kaɗai abin ya taɓa damu ba. A Fabrairu 2016 hukumar sadarwa ta Indiya ta hana a riƙa bambanta farashin data gwargwadon shafin da mutum zai shiga, abin da ya kashe shirin Free Basics na Facebook a can. A shekarar ce kuma aka ƙaddamar da shirin a Najeriya tare da Airtel. A Amurka an kafa dokar daidaita kowa a intanet a 2015, aka soke a 2017, aka dawo da ita a 2024, kotu ta sake rushe ta a Janairu 2025. Su ma ke nan ba su daidaita ba. Kuma masu ɗaya ɓangaren suna da hujja: wanda ba shi da komai, rabin intanet ya fi babu. Na yarda. Amma ka san rabi aka ba ka.

Masu cit ɗin data, ku ma na san da ku. Dabarar ba wani siddabaru ba ce: ana lulluɓe kayanka ne su yi kama da na ƙofar da ba a cajin kuɗi, har zuwa ranar da kamfani zai lura ya toshe. A tsakanin nan kuwa duk abin da kake yi a waya yana bi ta hannun wani da ba ka san shi ba, ga manhajar banki a wayar. Ka yi lissafi da kanka.

Me ya sa karkara ce kullum a ƙarshen layi? Kuɗi ne. A Disamba 2021 MTN da Mafab suka ci gwanjon zangon 5G, kowannensu a kan dala miliyan 273.6. Wanda ya zuba wannan ba daga Fagam zai fara ba. MTN ta fara a 2022 da manyan birane bakwai, ciki har da Kano. A Janairu 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba, bayan kamfanoni sun nemi ninki, suna kuka da tsadar dizal da faɗuwar naira. Ƙarin ya iso Dingaya rana ɗaya da Abuja. Ingancin da aka ce zai biyo baya, kai ne shaida. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin Mbps 25 a birni, 10 a karkara. Gwada wayarka da ƙarfe takwas na dare ka ga inda kake. Akwai ma asusu na musamman, USPF, da dokar sadarwa ta 2003 ta kafa domin kai sabis wuraren da kamfanoni ba sa ganin riba. In ɗan majalisarku ya zo neman ƙuri'a, tambayar nan ta fi atamfa da sabulu: me asusun ya yi wa mazaɓarmu?

Gwamnati ma tana da hannu a kan famfon. A Satumba 2021 an kashe sabis a Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Twitter kuma ya zauna a rufe daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022.

Abin da ke hannunka ba shi da yawa, amma ba banza ba ne. Sauke ingancin bidiyo zuwa 360p ko 480p. A ɗan gilashin waya ba wani bambanci za ka gani ba, alhali awa ɗaya a 1080p kan iya lashe fiye da gig guda. Kashe saukewar kai-tsaye a WhatsApp, don bidiyon bikin da aka tura guruf huɗu bai kamata ya ci ka sau huɗu ba. Manyan abubuwa bar su sai dare ko asuba. *323# na nuna ragowar data a kowane layi. In kana da ƙorafi, fara da kamfanin, ka riƙe lambar ƙorafin da suka ba ka, in ba su yi komai ba ka kira NCC a 622, kyauta ne.

Ranar da famfon ya dawo hannunka

Tun Janairu 2023 Starlink ya fara aiki a Najeriya, ƙasa ta farko a Afirka. Ba ruwansa da ƙarfe, faranti ne da sararin sama da wutar sola. Amma ka ji abin mamaki, shi ma yana da layi. A ƙarshen 2024 sai da ya dakatar da karɓar sababbin masu tsarin gida a Legas da Abuja domin hanyar ta cika, kuma yana da tsarin fifiko mai tsada ga waɗanda suke so a sa su gaba. A nan kam ɗan ƙauye ya ɗara ɗan birni, tunda farantan ba su yi yawa a kansa ba.

To a ce ku biyar kun haɗa kuɗi kun sayi farantin, ko wata rauta mai ƙarfi, kun ajiye a shagon cajin waya. Makon farko daɗi. Lambar sirri ɗaya ce, kun ba mutum goma. Mako na biyu mutum hamsin ne a kai, domin kowa yana da aboki, kowane aboki yana da ƙane. Mutum ɗaya a bayan katanga yana sauke Izzar So tun daga kashi na farko, mai POS na maƙwabta ya zo yana faɗa wai kuɗin mutane sun maƙale. Ranar za ka fara jin tausayin kamfanin da ka saba yi wa Allah ya isa.

Maganin da za ka koma gare shi shi ne dai nasu. Ƙananan rautoci irin na MikroTik suna ba ka damar buga tikiti, kowa da lambarsa, ta awa ɗaya ko ta wuni, kuma waya ɗaya kawai take ɗauka. Ka ga ka zama mai gadin ƙofa. Sannan ka yanka wa kowa iyaka. A ce hanyarku Mbps 40 ce da yamma, kuna da mutum 20: biyu-biyu ke nan, kuma biyu ta isa WhatsApp da karatu da bidiyo mai matsakaicin haske. In ka sayar da tikiti 60 a kan wannan hanyar don kwaɗayi, kai ma ka sayar da jarka ba bututu, kuma su ba 622 za su kira ba, ƙofar gidanku za su zo. Mai POS ba ya cin hanya da yawa, abin da yake so kar a sa shi jira, don haka ware masa 'yar kusurwa a sa shi gaba. Kafin ka zuba jari kuma ka sani: sayar wa jama'a intanet harka ce da NCC ke ba wa lasisi, kuma tsarin gida na Starlink ba a yarda a sake sayar da shi ba. Wasu suna yi a ɓoye, amma ranar da aka rufe asusun, kuɗin ku biyar ne a ciki.

Na'ura za ta yi maka lissafin. Abin da ba za ta yi maka ba shi ne fuskantar mutane. Kawu zai aiko a ba shi lambar da ba ta ƙarewa, kuma ba a ce wa kawu ya sayi tikiti. Abokinka na makaranta zai ce haba, har da ni? Wani mai hali zai ce zai biya ninki uku a ba shi gudu na musamman ya kalli ƙwallo ba tsayawa, kuma kuɗin nasa ne zai biya maka rabin na wata. Ba laifi ba ne ka karɓa. Ciniki ne, haka manyan ma suke yi.

Sai dai ka tuna da waɗanda ba sa zuwa majalisa. 'Yan mata da yawa a garuruwanmu ba sa zaman shagon caji da dare. Intanet ɗinsu ɗan abin da yaya ya jona masu ne in ya dawo gida, in ya ga dama. Ke 'yar'uwa da kike karanta wannan, kin fi ni sanin sau nawa aka ce maki "bari in gama" alhali gobe za a rufe shafin. In tsarin shagon bai yi tunaninsu ba, to an rufe masu ƙofa ba tare da kowa ya ce ya rufe ba.

Ni dai da ni ne mai shagon, tun ranar farko zan rubuta a allo da manyan baƙaƙe, kowa ya gani kafin ya biya: gudun kowane tikiti kaza ne, mai tikitin musamman zai samu kaza, ba a sauke fim daga magariba zuwa ƙarfe goma. Daga ƙarfe tara na safe zuwa azahar kuma, duk mai cike fom na makaranta ko na aiki, mace ko namiji, shi ne a gaba, ko da tikitin naira ɗari ya riƙe. Kawu kuma a buga masa tikitin wata, a saka a lissafin shago, amma da iyakar gudu irin ta kowa.